Uwar garkenmu tana ƙin kashe kanta a wasu darare, ina matsalar take?

Lawali, daga unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawararku a kan uwar garke (server, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima) guda biyu da nake kula da su a wani kamfanin sayar da kayan masarufi na sari a nan Maradi. Ta farko tana ɗauke da Windows Server 2019, kuma a kanta ne bayanan lissafin kuɗi da na kayan sito suke, a cikin manhajar rumbun bayanai ta SQL Server Express. Ta biyu Debian 12 ce, wato wani nau'in Linux, aikinta raba fayiloli ta hanyar manhajar Samba, sannan tana zuba kwafin bayananta a wata folda da ke kan ta farko. Dukansu suna jone da UPS guda ɗaya, wato na'ura mai batir da ke riƙe su na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke.

Ana rufe ofis bayan sallar isha'i, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka maigidan ya ce lallai injunan su riƙa mutuwa da kansu da ƙarfe 9 na dare. A kan Windows na tsara aiki a cikin manhajar jadawalin ayyuka, taskschd.msc, wanda yake kiran umarnin kashewa, shutdown /s /t 60, kuma a mafi yawan darare yana yin abin da aka sa shi, amma a wasu darare ba ya yi, sai a wayi gari a tarar injin ya mutu mutuwar ƙarfi, manhajar lissafi tana jan ƙafa kafin ta buɗe. Ita kuwa Debian ba ta taɓa mutuwa a kan lokacin da na sa mata ba, alhali idan na rubuta umarnin da hannuna nan take take mutuwa. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam Lawali. Kafin kowa ya ba ka magani, ya kamata mu san wace cuta ce, domin abin da ake kira "injin bai mutu ba" yana iya zama abubuwa daban-daban da ba su da alaƙa da juna. Yana yiwuwa aikin bai tashi ba kwata-kwata, yana yiwuwa ya tashi amma aka hana shi izinin kashewa, yana yiwuwa kashewar ta fara ta maƙale a tsakiya, kuma yana yiwuwa injin ya mutu lafiya lau sannan wani abu ya sake kunna shi cikin dare. Windows tana rubuta duk wannan, sai dai mu ne ba mu cika karantawa ba.

Ka buɗe eventvwr, manhajar duba abubuwan da Windows ta rubuta, ka shiga kundin System, ka tace lambobin 1074, 6006, 6008 da 41. Lamba 1074 tana faɗin wace manhaja da wane asusu ne suka ba da umarnin kashewa, 6006 tana nuna cewa an rufe lafiya, ita kuwa 6008 tare da 41 suna nuna cewa injin ya mutu ba shiri. Idan a daren da abin ya faru babu 1074 da ƙarfe 9, to umarnin bai isa ga tsarin ba ke nan, kuma babu amfanin ɓata lokaci wajen zargin SQL ko wata manhaja da ta ƙi rufuwa. Bayan haka ka rubuta schtasks /query /tn da sunan aikin, ka ƙara /v /fo list, ka kawo mana lambar sakamakon gudu na ƙarshe da sunan asusun da aikin yake amfani da shi. Ka kuma duba ko tarihin ayyuka a kunne yake, domin sau da yawa a kashe ake tarar da shi, kuma idan a kashe yake babu abin da zai rubuta maka game da dalilin ƙin tashi.

Habu:
Ni a ganina abin bai kai haka ba. Yaya Lawali, ka ƙara /f a cikin umarnin kawai domin ya tilasta wa manhajoji rufuwa, tunda akwai yiwuwar wani ma'aikaci ne yake barin manhajar lissafi a buɗe. Kuma gaskiya ma ban ga dalilin kashe uwar garke kowane dare ba, ai an ƙera ta ne domin ta yi aiki dare da rana, kuma an koya mana cewa yawan kunnawa da kashewa yana gajiyar da faifai.

Hajiya Rabi:
Habu ƙanena, maganarka ta biyu gaskiya ce a ɗakin da sanyi ba ya yankewa kuma wuta ba ta ɗaukewa, amma ba ɗakin da Lawali yake magana a kai ba ke nan. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40 da rana, kuma ɗakin siminti mai rufin kwano da aka kulle ba ya sakin wannan zafin da wuri, alhali yawancin waɗannan injuna an ƙayyade musu iskar da ba ta wuce digiri 35 ba. Barin injin yana aiki a rufaffen ɗaki babu sanyi har gari ya waye ya fi kashe shi sau ɗaya a rana illa nesa ba kusa ba. Saboda haka shawarar maigidan tana kan hanya.

Game da /f kuwa, ba zai canza komai ba a nan, domin a ƙa'idar shutdown.exe duk lokacin da aka ba /t adadin da ya wuce sifili, to /f ya riga ya shiga da kansa ko ba a rubuta shi ba. Lawali ya sa 60, ke nan tilastawar tana nan tun farko. Abin da ma ya kamata a yi tunani a kai shi ne akasin haka: injin da ke ɗauke da rumbun bayanai ya fi kyau a tsayar masa da SQL cikin natsuwa da net stop MSSQL$SQLEXPRESS, sannan a kira umarnin kashewa a layi na gaba. Idan za ka haɗa su a fayil ɗaya, Lawali, kada ka sa masa suna shutdown.bat, domin fayil ɗin zai iya riƙa kiran kansa a maimakon shutdown.exe, ya yi ta zagaye ba iyaka. Amma dai mu jira lambobin da Malam Isuhu ya nema.

Lawali:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na samu. A dararen da injin ya mutu lafiya akwai 1074 da ƙarfe 9 daidai, sai 6006 ta biyo baya. A dararen da abin ya ɓaci babu 1074 ko kaɗan, sai dai 41 da 6008 da aka rubuta da safe lokacin kunnawa, kuma 6008 tana nuna cewa mutuwar ta auku bayan ƙarfe 9 da ɗan lokaci, wani dare da mintuna ashirin da wani abu, wani dare ƙasa da haka. Daren jiya yana cikin waɗanda suka ɓaci, kuma sakamakon gudu na ƙarshe shi ne 0x800710E0. Aikin yana gudana da asusun mai kula da injin, an zaɓi ya yi aiki ko da ba wanda ya shiga, kuma an ba shi cikakken iko. Tarihin ayyuka a kashe yake, yanzu na kunna shi.

A kan Debian kuwa, layin da ke cikin crontab, fayil ɗin jadawalin ayyuka, shi ne 0 21 * * * shutdown -h now, kuma an rubuta shi ne da asusun da nake shiga da shi kullum, ba da root mai cikakken iko ba.

Malam Isuhu:
Madalla, ke nan mun rage hanya, aikin ne ba ya tashi. Abin da na fi yawan gani a irin wannan shi ne kalmar sirri. Idan aka ce aiki ya gudana ko ba wanda ya shiga, Windows tana ajiye kalmar sirrin asusun, kuma ranar da aka canza ta ko wa'adinta ya ƙare, aikin ya tsaya ke nan ba tare da ya sanar da kowa ba. Shawarata ita ce ka mayar da aikin kan asusun SYSTEM, wanda ba ya buƙatar kalmar sirri kuma yana da ikon kashe injin. Ko da ba wannan ce cutar yau ba, za ta zama cutar wata rana.

Nana Mariyama, daga Tasawa:
Malam, da izininka, ina ganin kalmar sirri ba za ta bayyana abin da Lawali ya faɗa ba. Da ita ce, da aikin ya daina tashi gaba ɗaya tun daga ranar da aka canza ta, ba zai yi yau ya ƙi gobe ya sake yi jibi ba. Kuma lambar da kuskuren kalmar sirri yake bayarwa ita ce 0x8007052E, ta rashin izinin shiga a matsayin aikin jadawali kuma 0x80070569, ba wadda ya kawo ba. Tasa tana nufin an ƙi amincewa da buƙatar, wato akwai wani sharaɗi da bai cika ba a wannan lokacin. Shawarar komawa SYSTEM dai tana da kyau a karan kanta.

Hajiya Rabi:
Nana ta taɓo inda gizo yake saƙa. Lawali, ina da tambaya guda: akwai wayar USB da ta taso daga UPS ɗin ta shiga uwar garken Windows? Idan akwai, ka duba ƙasan allo kusa da agogo, za ka ga alamar batir irin ta kwamfutar hannu.

Dalilin tambayar shi ne, yawancin UPS masu USB suna gabatar da kansu ga Windows a matsayin batir, kuma daga lokacin da aka jona wayar, uwar garken tana ɗaukar kanta tamkar kwamfutar hannu ce mai caji. To a shafin sharuɗɗa na kowane sabon aiki akwai akwatuna biyu da suke zuwa a cike tun asali: na farko yana cewa kada aikin ya tashi sai injin yana kan wutar gari, na biyu yana cewa a tsayar da shi idan injin ya koma kan batir. An sa su ne domin kada ayyuka masu nauyi su cinye cajin kwamfutar hannu, kuma a wannan fuskar suna da ma'ana. Amma ga aikin kashe uwar garke a garin da wuta take ɗaukewa da dare, sakamakon ya zama kamar laimar da ba ta buɗewa sai ranar da babu hadari. Daren da wuta take nan, aikin yana tashi ya kashe injin lafiya. Daren da ƙarfe 9 ta buga ana cikin duhu, sharaɗin bai cika ba, aikin ya ƙi tashi, injin ya ci gaba da shan batir har ya ƙare, sannan ya faɗi a tsaye da rumbun bayanai a buɗe. Mintunan nan da ka ce suna bambanta daga dare zuwa dare, ragowar cajin batir ne, ya danganta da lokacin da wutar ta tafi.

Kada ka karɓi maganata haka kawai, ka gwada. Da rana, bayan ka sanar da ma'aikata, ka kwafi aikin ka sa masa wani umarni marar illa, ka sa lokacinsa nan da mintuna biyar, sannan ka yanke wutar da ke shiga UPS. Ka yanke ta daga makunnin bango ko daga akwatin fis, kada ka zare fulogi, domin zare shi yana raba kayan da wayar ƙasa. Tunda ka kunna tarihi, idan hasashena daidai ne za ka ga lamba 326 a kundin TaskScheduler, wadda take cewa ba a tayar da aikin ba saboda injin yana kan batir. Idan kuma ka fitar da aikin da schtasks /query /xml, za ka ga DisallowStartIfOnBatteries da StopIfGoingOnBatteries dukansu an rubuta musu true.

Habu:
Idan haka ne Hajiya, ai abin da sauƙi, sai a zare wayar USB ɗin kawai, Windows ta daina ganin batir, aikin ya riƙa tashi kowane dare ba tare da an taɓa wani sharaɗi ba.

Hajiya Rabi:
Zai tashi kam, amma ka toshe wa injin kunnen da yake jin tafiyar wuta da shi. Ka ɗauka wuta ta tafi da ƙarfe 8 da mintuna goma, bayan an kashe injin wuta an kulle ƙofa, kuma batir ɗin ba ya riƙe mintuna hamsin. Jadawalin ƙarfe 9 ba zai tarar da komai ba sai injin da ya riga ya faɗi. Agogo yana maganin rufe ofis ne kawai, ba ya maganin ɗaukewar wuta, kuma wannan wayar ita ce kaɗai take ba injin damar kashe kansa tun da sauran caji. Abin da za a yi shi ne a cire alamar akwatunan nan biyu, a bar waya a inda take, sannan a shiga saitin wutar Windows a sa matakin batir na haɗari ya zama kashewa, a kuma ɗaga adadinsa sama sosai, misali kashi 40 ko 50 cikin ɗari. Ina cewa a ɗaga ne saboda ƙananan batiran nan masu bolt 12 ba sa jure zafi: ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce rayuwarsu tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25, kuma tsohon batir yana iya nuna kashi 30 yanzu, ya faɗi sifili kafin SQL ta gama rufe fayilolinta. Shi kansa rashin kashewar da injin ya yi kafin batir ya ƙare a waɗancan darare alama ce cewa ko dai matakin yana ƙasa ainun, ko kuma ba a sa shi kan kashewa ba.

Sha'aibu, daga Ali Ɗan Sofo:
Tunda manya sun riƙe ɓangaren Windows, bari in ɗauki na Debian, wanda ba shi da wani ɓoyayyen abu. Layin da Malam Lawali ya kawo yana da matsala biyu, kuma kowace ɗaya ta isa ta hana shi aiki. Cron, manhajar da ke gudanar da jadawalin, ba ya gudanar da umarni a cikin irin muhallin da mutum yake samu idan ya shiga da kansa. A Debian, hanyar neman umarni da yake bai wa crontab na asusu ita ce /usr/bin da /bin kawai, shi kuwa shutdown yana zaune ne a /usr/sbin, saboda haka cron yana neman sa ya rasa. Ko da ya same shi, asusun da ba root ba ba shi da izinin kashe injin daga cikin cron, domin tsarin zai nemi a tabbatar da izini kuma babu mutum a wurin da zai amsa. Da hannu yana yi ne saboda na tabbata da sudo ake rubuta shi, wanda yake ba da ikon root.

Dalilin da ya sa ba a ga ƙorafin ba shi ne cron yana aika kurakuransa ta wasiƙar imel ta cikin injin, kuma idan babu manhajar aika wasiƙa sai ya zubar da su. Ka rubuta journalctl -u cron ka duba ƙarfe 9 na kowane dare, za ka ga ya kira layin, sannan ya rubuta cewa babu MTA, wato manhajar aika wasiƙa, ya watsar da sakamakon. A Debian 12 kada ka wahalar da kanka da neman /var/log/syslog, domin sabon girki ba ya zuwa da rsyslog, manhajar da ke rubuta wannan fayil.

Gyaran shi ne ka goge wancan layin, ka ƙirƙiri fayil a /etc/cron.d, ka rubuta 45 20 * * * root /usr/sbin/shutdown -h +5 a ciki. Ka lura da kalmar root bayan taurari, domin fayilolin wannan wuri suna buƙatar sunan asusu, saɓanin crontab na mutum. Sunan fayil ɗin kada ya ƙunshi ɗigo, idan ka kira shi kashe.sh ko kashe.conf cron zai tsallake shi shiru, kuma ka tabbata ka danna shiga bayan layin ƙarshe. Na sa +5 ne domin waɗanda suke ciki su sami gargaɗi kuma a sami damar sokewa da shutdown -c. Zan bayyana dalilin da ya sa na zaɓi 20:45 maimakon 21:00 bayan mun ji sakamakon gwajin.

Lawali:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Wayar USB tana jone, alamar batir tana nan kusa da agogo, kuma akwatunan biyu a cike suke. Na yi gwajin kamar yadda kika tsara, na yanke wuta daga akwatin fis, lokacin aikin ya zo ya wuce bai tashi ba, kuma lamba 326 ta fito a kundi. Da na cire alamun na maimaita, sai ya tashi a kan batir ba gardama. Na kuma tambayi maigadi game da dararen da na ware daga kundin System, ya ce a iya tuninsa duka an yi su ne babu wuta a layinmu. Matakin batir na haɗari kuwa a kan kashi 5 na tarar da shi, na mayar da shi 50, na sa shi kan kashewa, kuma na mayar da aikin kan SYSTEM kamar yadda Malam Isuhu ya ce.

Akwai wani akwati a shafin saiti da yake cewa a gudanar da aikin da zarar an sami dama idan lokacinsa ya wuce bai yi ba. Ina tunanin in cika shi domin ƙarin kariya, ko akwai abin da ya hana?

Mamman Sani:
Kada ka cika shi, Malam Lawali. Wannan akwatin yana da kyau ga aikin ajiye kwafi, amma ga aikin kashewa tarko ne. Idan wata rana injin ya mutu tun ƙarfe 8 saboda batir, to lokacin ƙarfe 9 ya wuce shi yana kashe, kuma da safe idan aka kunna, Windows za ta tuna bashin da ake bin ta, ta biya shi jim kaɗan bayan tashi, daidai lokacin da mai karɓar kuɗi ya fara shigar da rasit ga kwastomomi a tsaye. Haka abin yake ga wanda zai yi amfani da agogon systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan tsarin da rufe su, a Debian maimakon cron, idan ya rubuta Persistent=true. Idan abin ya taɓa faruwa, a Windows shutdown /a yana soke kashewar matuƙar daƙiƙun jira ba su ƙare ba.

Ina kuma so kowa ya duba yankin lokaci na injinsa, domin yawancinmu da Faransanci muke girka Windows, kuma sau da yawa sai a bar ta a kan lokacin Paris. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris babu wanda zai lura, tunda Faransa da Nijar duka suna gaban UTC da awa 1. Amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Faransa tana ƙara awa guda, mu kuwa ba ma canzawa, sai aikin ƙarfe 9 ya riƙa tashi da ƙarfe 8 agogon Maradi, mutane suna tsakar aiki. Gyara agogon da hannu ba ya ɗorewa, domin da zarar injin ya daidaita lokacinsa da intanet zai koma inda yake. A Windows tzutil /g zai nuna yankin, kuma wanda ya dace da mu shi ne W. Central Africa Standard Time. A Debian kuwa timedatectl set-timezone Africa/Niamey ne, sannan a sake tayar da cron, domin yana riƙe da tsohon yankin har sai an yi haka.

Malam Isuhu:
Saura abu na huɗu da na ambata tun farko, wanda yanzu ne zai iya fitowa fili. A BIOS na uwar garke, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, akwai zaɓin abin da za ta yi idan wuta ta dawo: ta zauna a kashe, ta kunna kanta, ko ta koma halin da take ciki kafin yankewar. Idan a kan kunnawa yake, injin zai mutu lafiya da ƙarfe 9, batirin UPS ya ci gaba da ƙarewa saboda sauran kayan da ke kansa, wuta ta dawo da ƙarfe 2 na dare, injin ya tashi ya yi ta aiki cikin zafi, da safe a ce jadawali ya sake ƙi. Lamba 6005 a kundin System za ta nuna lokacin da ya farka. Ga ofis irin naku, komawa halin da take ciki shi ne daidai. Ka kuma duba ko tayarwa ta hanyar sadarwa, wato Wake-on-LAN, a kunne take ba tare da ana buƙatarta ba.

Nana Mariyama:
A nan ina da ɗan saɓani da Malam. Komawa halin baya yana da kyau ga dare, amma yana nufin idan injin ya kashe kansa da rana saboda batir ya kai kashi 50, ba zai tashi da kansa ba bayan wuta ta dawo, sai wani ya je ya danna. Ga ofishin Lawali babu damuwa tunda akwai mutane a wurin, amma wanda yake kula da reshe a Dakoro ko Madarunfa daga nesa ya yi lissafin wannan kafin ya kwaikwaya, ya tabbata akwai wanda ya san maɓallin da zai danna, ko kuma injin yana da katin sarrafawa daga nesa.

Sha'aibu:
To ga dalilin 20:45. Malam Lawali ya ce Debian tana zuba kwafi a wata folda ta Windows, ke nan tana ɗora ta, wato tana haɗa ta da kanta ta hanyar sadarwa. Idan injunan biyu suka fara mutuwa a minti ɗaya, ko Windows ta riga, Debian za ta zo sauke foldar ta tarar babu mai amsa mata, sai systemd ya tsaya jira, kuma wa'adin da yake bai wa kowane aiki tun asali daƙiƙa 90 ne, wani lokaci ma jiran saukewar ya zarce haka. A daren da ake kan batir, wannan jiran ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka mai ɗorawa shi ne zai fara mutuwa, mai bayarwa ya biyo baya: Debian ta fara 20:45 ta mutu 20:50, Windows ta bi da ƙarfe 9. Washegari journalctl -b -1 -e zai nuna maka ƙarshen daren jiya layi-layi, last -x kuma zai nuna ko an rubuta kashewa ta ƙa'ida.

Abin da har yanzu bai toshe ba shi ne Debian ba ta san komai game da batir ba, tunda wayar USB guda ce kuma tana kan Windows. Idan Windows ta kashe kanta a kashi 50 da rana, ita za ta ci gaba har batir ya ƙare. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a mayar da wayar kan Debian, a girka manhajar NUT (Network UPS Tools) a can ya zama shi ne mai lura da UPS, sannan a sa wa Windows manhajar da ke sauraron NUT ta hanyar sadarwa. Sai dai a wannan tsarin NUT yana fara sallamar masu sauraro ne kafin ya kashe injin da yake kai, wato Windows za ta riga mutuwa, saboda haka dole a sa umarnin sauke foldar ya gudana tun lokacin da aka koma kan batir, kuma na'urar da ke haɗa injunan biyu ita ma ta kasance a kan UPS ɗin, in ba haka ba saƙon ba zai isa ba. Ka turo mana samfurin UPS ɗin da abin da lsusb ya nuna bayan ka jona wayar a Debian, sai in rubuta maka abin da za ka sa a fayilolin saitin NUT, ups.conf da upsmon.conf.